Gwiwar Kelepi

Ranar Lahadin da ƙashin ƙafar Cade Hollenbeck ya karye a wasan ƙwallon Amurka, irin wanda ake gudu da ƙwallo a hannu, filin wasa ya yi tsit, masu sharhi suka sassauta murya kamar an shiga gidan makoki, abokan wasansa suka kafa gwiwa ɗaya a ƙasa suna addu'a. Shi kuwa Rondell Gaspard, da ke kallo a talabijin a falon yayarsa can Baton Rouge, ajiye kwanon shinkafa da jan wake ya yi, ya jawo wayarsa ya duba ko tana da caji. Kada a ɗora masa laifin shi kaɗai. Duk wani ɗan tsaron tsakiya da ke zaman kashe wando a ƙasar nan abin da ya yi ke nan a lokacin, masu kunyar cikinsu ne kawai suka fara cewa "Allah sarki" tukuna.

Aikin da Hollenbeck ke yi wa ƙungiyar 'yan Hamada shi ne aikin da Rondell ya iya: ka tsaya a bayan ƙartin gaba, ka jira wanda zai ɓullo da ƙwallo, ka yi karo da shi iya ƙarfinka, ka tashi, a sake. Ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki a ƙungiyar 'yan Tafki. Bai taɓa zama tauraro ba, amma dai sunansa na bayan riga. A watan da ya wuce suka kira shi ofis, suka ce shi ɗan gida ne har abada, suka karɓe katinsa na shiga. Tun daga nan yake taya mijin yayarsa kwasar kayan masu tashi daga gida, yana gaya wa duk wanda ya gane shi wai hutu yake yi. Abu ɗaya yake so a duniya, ya sake sa hular kwano ya shiga fili kafin a manta da shi.

Litinin da hantsi wayar ta yi ƙara. Lenny ne, dillalin da ke nema masa ƙungiya, mutumin da tun ranar sallamar bai ƙara ɗaukar kiransa ba.

"Namijin duniya! Ina ka shige ne? Nemanka nake ta yi."

"Lambata ba ta canza ba, Lenny."

"Bar wannan maganar. 'Yan Hamada ne ke son ka, yau ɗin nan. Ko gwaji ba za su yi maka ba, hannu kawai za ka sa."

"Ba gwaji?"

"To me za su gwada? Ai sun san ka. Tattara komatsanka, jirgi ba ya jira."

"Da wa suke wasa ranar Lahadi?"

Lenny ya ɗan yi tari. "Da mutanenka na da. Amma wannan dace ne kawai."

Ba dace ba ne, kuma Rondell ya sani sarai. Tsohuwar dabara ce a wannan sana'a. In za ka kara da wata ƙungiya, sai ka nemo wanda ta kora kwanan nan, ka ba shi riga ta mako guda, ka tatse duk abin da ke kansa, Litinin ka nuna masa ƙofa. Shi da kansa ya sha yi wa irin waɗannan mutane dariya a ɗakin canza kaya. Amma ya ce wa kansa nasa daban ne, tunda kowa ya ga yadda ƙafar Hollenbeck ta lanƙwashe, gurbin na gaskiya ne, dole wani ya cike shi. Ya cusa takalmansa a jaka ya nufi filin jirgi.

Yana layin shiga jirgi Kelepi ya kira. Kelepi Vailahi, ɗan asalin tsibirin Tonga, shi ne jagoran 'yan tsaron Tafki, kuma tun suna sababbin shiga shi da Rondell ake haɗawa ɗaki ɗaya a otal duk inda aka je wasa.

"Ɗan'uwa! Na ji labari! Ban gaya maka Allah ba zai bar ka ba? Amma jar riga? Kai da jar riga? Ai tumatir za ka koma."

"Hassada ce ke cin ka." Rondell ya rage murya. "Yaya abar?"

"Tana nan da halinta. An zuƙe mata ruwa makon jiya. Ta kai ni ƙarshen kakar wasa kawai, daga nan su yanka ta yadda suke so. Shiru dai, ka ji?"

"Haba Kelepi. Ni kake gaya wa?"

Abar ita ce gwiwar Kelepi ta hagu. Tun da bazara jijiyarta ta fara saki, ga shi wannan ce shekararsa ta ƙarshe a kwantiragi, kuma duk raunin da ƙungiya ta sani dole ta shelanta shi kowane mako. Saboda haka ko likitocin ƙungiyarsa bai gaya wa ba. Wurin wani likita yake zuwa a wani gari can gefe, ranar hutu, Rondell na tuƙa shi, ya jira shi a mota, ya dawo da shi. Bayan likitan nan, babu wanda ya sani sai Rondell.

A gidan 'yan Hamada aka karɓe shi kamar ango. Aka ɗauke shi hoto riƙe da jar riga, aka nuna masa kabad ɗinsa. Sunayen sauran 'yan wasa a jikin ƙarfe aka zana su, nasa kuwa da alƙalami aka rubuta a farar takarda aka manna. Ya gani, ya kau da kai. Kocin 'yan tsaro, wanda ya kamata a ce shi ne maigidansa, ya ba shi hannu yana kallon wani wuri, ko sunansa bai riƙe daidai ba, ya ce, "Sannu da zuwa, Randall." Wanda ya rungumo kafaɗarsa ya ja shi kuwa shi ne Koci Haskew, mai tsara wa 'yan hari wasansu, wanda a ƙa'ida babu abin da ya haɗa shi da ɗan tsaro.

Haskew dattijo ne mai jan wuya da taushin murya. Ba ya yin jimla uku bai ambaci iyali ko Ubangiji ba, kuma kullum yana riƙe da kofin takarda da yake tofa yawun taba a ciki. Ya zaunar da Rondell a ɗakin kallon bidiyo, ya zuba masa gahawa da hannunsa.

"Saki jikinka, ɗana. Nan gida ne. Hira kawai za mu yi."

Rondell ya saki jiki, ya saki baki. Ya faɗi abin da taɓa hanci ke nufi a wurin 'yan Tafki, da abin da dukan ƙirji ke nufi, da kalmar da suke kira in za su afka wa mai jefa ƙwallo gaba ɗaya. Wannan bai dame shi ba, kowa ya san da wannan aka ɗauko shi. Haskew na ji yana gyaɗa kai, har ya yi hamma.

"Duk wannan za su canza shi kafin Lahadi, ai ba wawaye ba ne." Ya danna maɓalli, Kelepi ya bayyana a bango yana gudu. "Wannan abokinka ne, ko? Ɗan wasa ne na ƙwarai, Ubangiji ya yi masa baiwa. Amma akwai abin da ya canza a jikinsa bana. Na kalla har idona ya yi ja, na kasa gano wurin. Kafaɗa ce? Ƙugu? Idon sawu?"

Rondell ya kau da ido daga bangon. "Ban san komai ba, Koci. Lafiyarsa ƙalau."

"Madalla. Ina son mutum mai amana." Haskew ya tofa a kofi. "Ka san ɗazu babban koci ya tambaye ni, wa za a sa a gurbin Cade? Na ce ga yaron nan da muka ɗauko daga jami'a, ga kuma Gaspard. Sai ya ce, shi Gaspard ɗin namu ne ko nasu? Na ce to, ban sani ba tukuna."

Rondell ya fito daga ɗakin yana ji da kansa. An matsa masa, ya ƙi faɗa. Har ya so ya kira Kelepi ya ba shi labari don a yaba masa. Wannan jarumtar ta kai shi har safiyar Laraba.

Kowane mako a wurin atisaye, rarar 'yan wasa ne ke kwaikwayon abokan karawa, don manya su gwada dabarunsu a kansu. Akan ba kowa 'yar shara ta raga, ruwan ɗorawa, mai ɗauke da lambar wanda zai kwaikwaya, ya ɗora a kan rigarsa. Da aka zo kan Rondell, Haskew da kansa ya miƙo masa tasa. Lambar Kelepi ce.

"Wa ya fi ka saninsa? Yau kai ne Vailahi. Amma ba Vailahin jarida nake so ba, ɗana. Na gaskiya."

Da farko Rondell ya yi Kelepin da, mai lafiya. Ya tare nan, ya toshe can, ya ɗaga wani mai gudu da ƙwallo ya maka shi da ƙasa har 'yan wasa suka yi ihu. Rabonsa da jin daɗi irin wannan ya manta. Ya waiga ya ga ko babban koci ya gani. Babban koci na can nesa, ya ba shi baya, yana gyara wa yaron jami'a tsayuwa.

Haskew ya busa usur.

"Wannan Gaspard ne! Na san Gaspard, shi ya sa yake kwasar kujerun mutane a makon jiya! Vailahi na ce a nuna min. In ba ka iya ba, cire rigar a ba wani, ka je ka huta."

Aka yi dariya. Rondell ya kalli bencin da ake nufi, a can gefe kusa da randar ruwa, ya san wanda ya zauna a kansa ranar Laraba ba ya kaiwa Lahadi. Aka sake jeruwa. Mai ƙwallo ya taho, ya karkata. A nan ne ɗan tsaro ke kafa ƙafar hagu ya juya a kanta. Rondell bai kafa ba. Ya ƙara wani ɗan gajeren taku, ya jefa nauyinsa a kan ta dama, ya jawo ta hagu a hankali tana bin baya. Ya ga Kelepi yana yin haka tun bazara, daga bayansa, ya san takun kamar nasa. Mai ƙwallo ya wuce shi fit. Aka sake, ya sake. Aka kuma, ya kuma.

"Hagu," in ji Haskew ga mataimakinsa, a hankali, amma ba yadda Rondell zai kasa ji ba. "Gwiwa ce."

A wurin wanka Rondell ya yi wa kansa shari'a ya wanke kansa tas. Bakinsa bai furta komai ba, ko a gaban wa zai iya rantsuwa. An ce ya kwaikwaya, ya kwaikwaya, aiki ne. Kuma ai da ma dattijon ya kusa ganowa da kansa. Haka ya yi ta jero hujjoji yana cuɗa jiki, da yake babu wanda zai musa masa a wurin.

Daga ranar ba a ƙara zuba masa gahawa ba. Alhamis da Juma'a aikin ɗaya ne, ƙartin gaba suna fitowa a guje su faɗi ƙasa-ƙasa ta gefen hagun mai lambar Kelepi. Doka ba ta hana ba, matuƙar ta gaba ka zo wa mutum. A atisaye da sauƙi suke yi, kafaɗa ta ɗan taɓa gwiwarsa ta hagu kawai, su tashi su ce, "Yi haƙuri, babba." Kowace taɓawa sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi tunanin ya kira Kelepi ya ce masa ya ɗaura ƙarfe a gwiwar, ko ya ce ba shi da lafiya ya zauna. To amma in Kelepi ya tambaye shi yadda aka yi suka sani fa? Kuma in Haskew ya ga ƙarfe ranar Lahadi, ai ya san daga ina. Bai kira ba.

Ranar Lahadi ya riga kusan kowa isa filin wasa. A ranar wasa, wanda zai shiga fili yakan tarar an rataye masa rigarsa a kan sulken kafaɗa, hular kwano na sheƙi a sama. A kabad ɗin Rondell wando da rigar sanyi aka ninke, da hular hana sallah.

"Ina kayana?" ya tambayi mai kula da kaya.

Mutumin bai ko ɗago ba. "Su ke nan a gabanka, babba. Ni abin da aka ce min nake ratayawa."

Ya nemi Haskew, aka ce ya riga ya hau sama, ɗakin gilashi, inda yake zama ya hango fili duka. Gurbin Hollenbeck kuwa yaron jami'a aka ba, kuma daga yadda yaron ke ta ɗaukar kansa hoto, tun farkon mako ya san haka.

Ana motsa jiki kafin wasa Kelepi ya tsallako tsakiyar fili cikin shuɗiyar rigarsa, ya rungume shi har ya ɗaga shi sama.

"Tumatir! Ina rigar taka?"

"Sun ce ban gama koyon tsarinsu ba."

"Asararsu. Mahaukata kawai, su ajiye ka su sa jariri? Bari ka ga yadda zan rama maka yau."

Rondell ya yi wani abu mai kama da dariya. Idonsa ya sauka kan gwiwar, ya yi maza ya ɗauke.

Tun daga ƙwallon farko aka fara. Duk inda Kelepi ya nufa, sai wani ƙato ya faɗo masa ta hagu. Ya tsallake na farko, ya ture na biyu, na uku ya same shi, ya tashi yana girgiza kai. 'Yan kallo ba su ga komai ba sai wasa mai kyau, suna ta ihu da giya a hannu, fuska shafe da jan fenti. Rondell na tsaye a bakin layi, hannu a aljihu, shi kaɗai a ƙasan nan ya san abin da yake kallo. Kafin hutun rabin lokaci Kelepi ya fara ɗingishi a fili. Rondell ya yi ta addu'a a ransa kocin Tafki ya cire shi, amma wa zai cire jagoran tsaronsa saboda ciwon da ba a gaya masa ba?

Bayan an dawo daga hutu abin ya faru, dab da inda Rondell ke tsaye. Kelepi ya kafa ƙafar hagu, don wannan karon babu lokacin ƙara taku, kafaɗar wani ƙato ta same ta daidai. Rondell ya ji ƙarar. Sannan ya ji muryar Kelepi, irin wadda bai taɓa ji daga bakinsa ba.

Fili ya yi tsit. 'Yan Hamada suka cire hulunansu suka kafa gwiwa a ƙasa, har da wanda ya yi aikin, shi ma ya fi kowa sunkuyar da kai. Rondell ma ya durƙusa, tunda kowa ya durƙusa. 'Yar motar ɗaukar masu rauni ta shigo, aka ɗora Kelepi, ya ɗaga babban yatsa sama yadda ake so kowane mai rauni ya yi, jama'a suka tafa masa don jin daɗin kansu. Motar ba ta gama fita ba aka saki kiɗa. 'Yan Hamada suka ci wasan, kuma a ɗakin canza kaya babban koci ya ce wannan nasara ta Ubangiji ce da kuma Cade.

Litinin da safe wani ɗan ofis da Rondell bai taɓa gani ba ya tare shi tun a ƙofa. Ya ce ƙungiya ta yaba ƙwarai da gudunmawarsa, ya miƙa masa tikitin jirgi da kayansa a baƙar leda. A hanyar fita suka yi kiciɓis da Haskew da kofinsa.

"Ubangiji ya ba da sa'a, Randall," in ji shi, bai ko rage tafiya ba.

Yana zaune a filin jirgi, ledar a tsakanin ƙafafunsa, Lenny ya kira, murya har rawa take don murna.

"Kada ka hau jirgin nan! Kana ji na? Kai ɗan sa'a ne, na rantse. 'Yan Tafki ba su da ɗan tsaron tsakiya. Vailahi ya gama, likitoci sun ce ba bana kaɗai ba, da wuya ya sake taka fili. Abin tausayi, abin tausayi. Kai suke so, kuma ba na mako guda ba, kai za ka fara wasa. Har ƙarshen kaka!"

Rondell ya kalli ledar da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Kana nan? Me zan ce musu?"

"Ce musu ina zuwa."

Bai gama sauke wayar daga kunne ba ta sake ƙara. Ya ga sunan, ya bar ta ta yi ta kuka, har matar da ke kusa da shi ta harare shi. Ya ɗauka.

"Ɗan'uwa." Muryar Kelepi a shaƙe take, maganin barci bai gama sakinsa ba. "Sun kira ka?"

"Yanzun nan. Kelepi, ni..."

"Ni na ce su kira ka. Koci ya zo asibiti ɗazu, na ce masa kada ya tsaya neman kowa, Rondell ya san tsarin nan kamar tafin hannunsa. Na ce masa mutumin da ya san ciwona tun bazara, ya tafi wurin abokan gaba mako guda cur bai buɗe baki ba, ai shi ake ba amanar tsaro." Ya ja numfashi. "Laifina ne. A bidiyo suka gano, tsohon nan maye ne. Da na ji maganar likita."

Rondell ya matse wayar har yatsunsa suka yi ciwo. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba.

"Kuma kada ka kama otal," in ji Kelepi. "Gidana za ka sauka, ɗakuna na nan birjik. Mama ta iso da safen nan daga Utah, za ta zauna jinya. Ga ta ma, tana son magana da kai."

Aka yi 'yar hayaniya, sai muryar tsohuwa ta fito, a dashe don kuka.

"Rondell, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Na gan ka a talabijin ka durƙusa kana yi wa ɗan'uwanka addu'a, kai da kake ɓangarensu. Na ce wa kowa, kun ga ɗan halak. Yanzu gaya min, me kake so in dafa maka? Ka rame, na gani."

Ya buɗe baki. Maganar na nan a kan harshensa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. A bangon da ke gabansa allon jirage ya juya, ya ga akwai mai tashi zuwa garin 'yan Tafki kafin azahar, kuma in ya yi sauri zai same shi.

"Gwazar nan taki da naman rago, Mama," in ji shi. "In ba wahala."

"Wahalar me? Kai dai ka zo."

Ya ɗauki ledarsa ya tafi canza tikiti.